Ilmin Yawon Buɗe Ido a Jami'a da Darasin Kan Iyakar Jibiya



GABATARWA

Kowace shekara, idan lokacin cika takardun neman shiga jami'a ya zo, akan sami gidajen da gardama ke tashi tsakanin uba da ɗa a kan fannin da za a karanta. Likitanci da aikin lauya da na injiniya ba su da abokin gardama. Amma da yaro zai buɗe baki ya ce shi ilmin yawon buɗe ido yake so, abin da zai fara ji shi ne, yaushe yawo ya zama abin da ake zuwa jami'a a koya? Uban da ya yi wannan tambaya yana da hujja, domin kalmar yawo ba ta da kyakkyawan suna a bakin Bahaushe, tun da akwai yawon banza, akwai yawon dandi. Yana kuma da hujja ta biyu wadda ta fi ta farko ƙarfi, watau ina baƙin suke, da har za a kashe shekara huɗu ana koyon yadda za a karɓe su?

Makasudin wannan lacca shi ne a amsa waɗannan tambayoyi biyu. An zaɓi kan iyakar Jibiya ta zama abin misali da gangan, saboda a duk Jihar Katsina babu wurin da ya fi wuyar kare wannan fanni kamarta. Gari ne da ya sha rufewar iyaka, ya sha harin 'yan bindiga, ya kuma sha ambaliya a damanar 2018 wadda ta ci rayuka fiye da 40. Idan har aka iya nuna amfanin wannan ilmi a Jibiya, to nuna amfaninsa a wani wuri ba zai yi wuya ba.

MA'ANAR YAWON BUƊE IDO

Galibin mutane idan aka ambaci ɗan yawon buɗe ido, abin da ke faɗo musu a rai shi ne Bature da gajeren wando, rataye da na'urar ɗaukar hoto. Masana ba haka suka fassara shi ba. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wannan sha'ani, wadda aka kafa a 1975 mai hedkwata a birnin Madrid, ta ce maziyarci shi ne wanda ya bar inda ya saba zama ya tafi wani wuri na tsawon da bai kai shekara ɗaya ba, da kowace irin niyya, in ban da neman aikin albashi a wurin da ya je. Idan ya kwana a can, to ya shiga lissafin 'yan yawon buɗe ido. Bisa ga wannan ma'ana, mai zuwa ziyarar addini yana ciki, mai zuwa ganin likita yana ciki, haka mai zuwa biki ko ta'aziyya ko sarin kaya.

To, sai a ɗauki wannan ma'ana a je da ita Magama, inda ofishin kan iyaka yake, a tsaya ana kallo. Ga tsohuwa daga Maraɗi za ta Katsina sunan jikarta. Ga ɗan kasuwa daga Kano za shi Maraɗi ya kwana biyu. Ga majinyaciya an ɗauko ta daga wani ƙauyen Madarunfa za a kai ta asibitin Babbar Ruga. Ga ɗalibai 'yan Nijeriya suna komawa jami'a a Maraɗi, ga kuma motar 'yan ɗariƙa masu zuwa mauludi a Kiyota. Ran Lahadi kuwa, ranar kasuwar Jibiya, sai abin ya ninka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai hau mota, zai ci abinci, zai canja naira zuwa sefa ko sefa zuwa naira, da yawansu kuma za su nemi wurin kwana. Waɗannan su ne baƙin da uban nan yake tambayar inda suke. Suna nan tun fil azal, sai dai ba a saba ƙirga su ba, abin da ba a ƙirga ba kuwa ba a yi masa tanadi a kasafin kuɗi.

JIBIYA DA HANYAR MARAƊI

Jibiya tana kimanin kilomita 45 daga birnin Katsina ta wajen yamma maso arewa. Daga Magama idan aka ƙetare sai Ɗan Isa, daga nan sai Maraɗi. Kogin Gada da aka datse aka yi madatsar ruwan Jibiya shi ne yake shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya ratsa ƙasar Madarunfa da Maraɗi, sa'an nan ya sake komowa Nijeriya ya faɗa cikin Gulbin Rima. Yadda ruwan yake kai da kawo, haka mutanen suke yi.

Dalilin haka yana cikin tarihi. Sa'ad da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, sarauta ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje, sai zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar Maraɗi, kamar yadda Gobirawan da suka kafa Tsibiri suka riƙe sarautar Sarkin Gobir. Kusan ƙarni guda aka yi ana kai wa juna hari tsakanin Katsina da Maraɗi, musamman a zamanin Ɗan Baskore, dajin da ke tsakaninsu ya zama abin tsoro ga matafiya. Iyakar da ake gani yau kuwa Ingila da Faransa ne suka shata ta. Sun yi yarjejeniya a 1890, suka sake a 1898 da 1904 da 1906, kana tsakanin 1906 da 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi ƙasa suna kafa turaku tun daga Kogin Kwara har Tafkin Chadi. Turakun nan sun raba haraji da harshen makarantar boko, amma aure da ciniki da karatun allo sun ci gaba da ƙetarawa.

Akwai wani baƙo da ya kamata ɗalibin wannan fanni ya san labarinsa, watau Heinrich Barth, Bajamushen da Hausawa suka sani da sunan Abdulkarim. Ya iso Katsina a farkon 1851 ta hanyar Tasawa da Gazawa. An tsare shi 'yan kwanaki ana ja-in-ja a kan kyautar da zai bayar kafin a sallame shi, wannan kuwa ya rubuta shi. Ya rubuta cewa ya tarar da birni mai faɗin ganuwa amma yawancinsa kango, domin yaƙi ya sa fatake sun karkata zuwa Kano. Ya kuma yabi Hausar Katsinawa da ladabinsu. Fiye da shekara 170 ke nan, ana nan ana karanta yabon da sukan duka biyu. Darasi biyu ne a nan. Abin da aka yi wa baƙo ba ya ƙarewa a inda aka yi shi. Hanya kuma ba ta da amana, duk ranar da ta ga tsoro sai ta sake gari.

ZANGO DA FATOMA

Kuskure ne a ɗauka cewa tsara tafiya da saukar baƙi ilmi ne da Turawa suka kawo. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sarin goro yana da madugu, wanda ke yanke shawarar hanya, ya yi magana da sarakuna, ya daidaita kuɗin fito. Yana da jagaba mai shiga gaba ya duba lafiyar hanya da wurin sauka. A kowane zango akwai Sarkin Zango, a kowace babbar kasuwa kuma akwai fatoma, wanda ke ba baƙo ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya samo masa mai saye, ya tsaya masa idan an yi bashi. Jarin fatoma shi ne sunansa, ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya labari zai riga shi zuwa zango na gaba. Wani masani mai suna Abner Cohen ya yi nazarin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan ya buga littafi a kansa a 1969, Emmanuel Grégoire kuma ya yi nasa a kan Alhazan Maraɗi a 1986. Addinin Musulunci ya ƙarfafa wannan ɗabi'a, tun da ya sa matafiyin da guzuri ya yanke wa cikin masu cin zakka. Bahaushe ya taƙaita al'amarin da cewa baƙonka annabinka.

To, me ya rage wa jami'a ta koyar? Abin da ya rage shi ne lissafi da doka da tsari na zamani. Fatoma yana riƙe baƙinsa a ka, domin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Wanda zai kula da tashar da dubban mutane ke ratsawa a mako ba zai iya haka ba. Sai da rajista, da kasafi, da sanin dokokin ƙasashe biyu.

YADDA FANNIN YA SHIGA JAMI'A

A ƙasashen Turai jirgin ƙasa ne ya haifi wannan sana'a. Ran 5 ga Yuli 1841 wani Baturen Ingila mai suna Thomas Cook ya yi shatar jirgi ya kwashi mutane wajen 500 daga Leicester zuwa Loughborough, kowa ya biya sule guda, kuɗin zuwa da komowa. Daga wannan ƙaramin abu kamfaninsa ya bunƙasa ya game duniya, bai durƙushe ba sai a 2019. Da baƙi suka yawaita sai aka ga bukatar horar da masu karɓarsu. An buɗe makarantar aikin otal a Lausanne ta ƙasar Suwizalan a 1893, Jami'ar Cornell ta Amurka ta fara ba da digiri a wannan fanni a 1922, a Afirka kuma Kenya ta buɗe Kwalejin Utalii a 1975. Masu ƙetare iyakokin ƙasashe don ziyara ba su wuce miliyan 25 ba a 1950, amma a 2019 sun kusa miliyan 1,500. Da annobar korona ta zo a 2020 sai adadin ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin ɗari, abin da ya nuna girman sana'ar da rauninta a lokaci guda.

A Nijeriya an kafa ƙungiyar yawon buɗe ido a 1962, gwamnatin soja ta mai da ita hukuma da doka ta 54 ta 1976, aka sake mata fasali a 1992. A ƙarshen shekarun 1980 aka kafa cibiyar horar da ma'aikatan baƙunci ta ƙasa, wadda aka fi sani da NIHOTOUR, ta fara aiki a Bagauda ta Jihar Kano. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta daɗe tana ba da difloma a aikin otal da yawon buɗe ido. Cikin jami'o'i kuwa, ta Nsukka ta haɗa fannin da ilmin tonon kayan tarihi, ta Akure ta haɗa shi da kula da namun daji, ta Umudike da ta Wukari suka haɗa shi da aikin otal. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai neman shiga, ya kamata ya duba abin da aka aura wa fannin a jami'ar da ya zaɓa, domin shi zai nuna irin aikin da zai iya yi in ya gama.

ABIN DA ƊALIBI KE KOYO

Galibi digirin shekara huɗu ne, a ciki akwai watannin da ɗalibi zai bar aji ya je ya yi aiki da hannunsa a otal ko gidan tarihi ko kamfanin tafiye-tafiye. Darussan sun haɗa da tattalin arziki, da aikin akanta, da ƙididdiga, da labarin ƙasa, da tarihi, da dokokin kasuwanci da na shige da fice, da tsabtar abinci, da tallata haja. Wanda ya shiga yana zaton hutu ne zai sha mamaki, domin lissafi ya fi yawa a ciki. Ga ƙa'idoji huɗu daga cikin waɗanda ake koyarwa, tare da yadda suka shafi Jibiya.

Ta farko ita ce hajar wannan sana'a ba ta ajiyuwa. Mai sayar da gero idan bai sayar yau ba zai mai da shi rumbu. Ɗakin da ya kwana babu baƙo kuwa kuɗin wannan dare ya tafi har abada. Alal misali, a ɗauka mutum ya gina masauki mai ɗaki 20 a Jibiya. A wata mai kwana 30 yana da kwanan ɗaki 600 na sayarwa. Idan albashi da man janareto da ruwa da gyare-gyare suna cinye kuɗin kwana 240, to sai ya cika kashi 40 cikin ɗari na ɗakunansa kafin ya ga ribar kwabo. Idan baƙinsa na daren kasuwa ne kaɗai, ko da ya cika maƙil dare huɗu a wata kwana 80 ke nan, ya faɗi. Wajibi ne a yi wannan lissafi kafin a sayi bulo na farko.

Ta biyu ita ce yaɗuwar kuɗi da yoyonsa. Naira ɗayar da baƙo ya kashe a wurin mai tuwo takan wuce ga mai hatsi, daga nan ga manomi, daga nan ga mai ɗinki, tana zagayawa cikin gari. Amma idan otal yana sayo shinkafarsa da kajinsa da ma'aikatansa daga nesa, kuɗin zai shigo ta ƙofa ya fice ta taga. Garin da ke da madatsar ruwa da masu noman rani da masunta kamar Jibiya yana da damar toshe wannan yoyo, in an tsara.

Ta uku ita ce kowane wuri yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Hasumiyar Gobarau ginin ƙasa ce da ta yi ɗaruruwan shekaru, ba za ta jure a riƙa hawanta ba ƙaidi ba. Kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani, waɗanda aka tona a 1907 aka sake tonawa a 1992, darajarsu tana ga a bar su yadda suke. Mai wannan ilmi shi ne wanda ya san lokacin da zai ce a dakata.

Ta huɗu ita ce baƙo ba ya zuwa don abu guda, sai an jera masa abubuwa a kan hanya ɗaya. Hanyar da ta ratsa Jibiya tana da abin jerawa. A Daura ga rijiyar Kusugu. A Katsina ga Gobarau, ga Gidan Korau, ga kabarin Ɗan Marina, ga tsohuwar Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya yi bikin buɗewa a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda ta zama gidan tarihi. Ga hawan salla, ga wasan folo da Sarki Muhammadu Dikko ya dasa. Idan an ƙetare, ga tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa, ga fadar Maraɗi da ta Tsibiri, ga gasar takobin kokawa da aka fara a Tawa a 1975 wadda ke zagaya jihohin Nijar, can arewa kuma ga dajin Gadabeji inda aka mai da raƙuman dawa takwas a 2018. Tarihin Katsina rabinsa yana wannan gefe, rabi yana wancan. Saboda haka ɗalibin da ya haɗa Hausa da Ingilishi da Faransanci ya fi takwaransa nesa ba kusa ba.

ABUBUWAN DA KE KASHE HANYA

Ba zai zama adalci ga ɗalibai ba a lissafa musu abubuwan sha'awa a ɓoye musu cikas. Na farko shi ne rufe iyaka. Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, ta amince a 1979 cewa ɗan kowace ƙasa cikinta yana iya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Duk da haka gwamnatin soja ta rufe iyakokin Nijeriya daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan El-Buhari. An sake rufewa a Agusta 2019. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, amma Jibiya sai a Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai a Maris 2024. Idan an lissafa, daga Agusta 2019 zuwa Maris 2024 wata 55 ne, a cikinsu iyakar Jibiya ta yi kimanin wata 39 a rufe. Mai masaukin nan na ɗaki 20, da bashin banki ya yi gininsa, da tuni an sayar da shi. Bugu da ƙari Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, saboda haka zirga-zirgar da a da take bisa yarjejeniyar ƙungiya yanzu ta dogara ga fahimtar juna tsakanin hukumomi.

Na biyu shi ne rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a yammacin Katsina da Zamfara da gabashin Sakkwato sun tashi ƙauyuka, tun daga 2019 dubban mutane suka ƙetara jihar Maraɗi gudun hijira. Nijar ta riga ta ga abin da irin wannan ke yi wa sana'ar baƙi. Agadas ta taɓa cika da Turawa masu zuwa kallon duwatsun Azbin da hamadar Tenere. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya rage su, na 2007 zuwa 2009 ya ƙara, aka soke tseren motoci na Dakar a 2008 aka mai da shi Kudancin Amurka, sace ma'aikata a Arlit a 2010 ya ƙarasa abin da ya rage. Ko da UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, wannan bai komo da baƙin ba. Talla ba ta maganin tsoro.

Na uku shi ne wulakanci a kan hanya, wannan kuwa yana hannun ma'aikata. Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Jibiya ya san yawan shingayen da ke kanta. Bincike haƙƙin hukuma ne, a wuri irin wannan ma dole ne. Amma tafiyar da ba ta kai awa guda ba idan ta zama ta awa biyu, kowane shinge kuma sai an miƙa wani abu, to direba zai ɗora a kan kuɗin mota, fasinja ya rage zuwa. Jami'in kwastan da na shige da fice da ma'aikacin lafiya mai duba katin rigakafi su ne fuskar ƙasa ta farko da baƙo ke gani, ko sun sani ko ba su sani ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ba ta kuma bukatar kasafin kuɗi.

DARASIN BAGAUDA DA DURBAR

Akwai jan hankali na musamman ga ma'aikatan da ke rubuta wa gwamnati shawara. An daɗe ana ɗauka cewa bunƙasa yawon buɗe ido shi ne gina ƙaton otal. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina otal ɗin tafkin Bagauda, ya yi tashe, daga baya baƙi suka ɗauke ƙafa, yau reshen Makarantar Horon Lauyoyi ne. An gina otal ɗin Durbar a Kaduna domin bikin FESTAC na 1977, ya yi shekaru a rufe ana shari'a a kansa, aka rushe shi a Janairu 2020. Gini ne aka fara yi kafin a tambayi wane ne zai kwana a ciki bayan an watse daga biki, wa kuma zai biya kuɗin gyara.

Abin da Jibiya ke bukata ya fi wannan araha. Tana bukatar a san adadin masu ƙetarawa, daga ina suke, me ya kawo su, kwana nawa suke yi, nawa suke kashewa. Tana bukatar tashar mota mai rumfa da ruwa da makewayi, da wurin da mata masu goyo za su huta, da alluna da aka rubuta da Hausa da Faransanci da Ingilishi masu bayyana takardun da ake bukata da kuɗin da doka ta yanka. Tana bukatar a yi wa masaukai da gidajen abinci rajista a riƙa duba tsabtarsu. Tattara waɗannan alƙaluma aiki ne da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma za su iya yi tare da takwarorinsu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, kowa ya ƙirga a gefensa a haɗa.

JIRGIN ƘASA

Abin da ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa shi ne hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wadda aka aza harsashinta a Fabrairu 2021, aka tsara ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Tarihi ya nuna abin da dogo ke yi. Da ya iso Kano a 1911, cikin 'yan shekaru ayarin raƙuma masu ratsa Sahara ya ja baya, zangunan da suka rayu da shi suka koma ƙauyuka, garuruwan da aka yi wa tasha kuma suka bunƙasa. Tasha kaɗai ba ta isa ba. Fasinjan da a da dole ya sauka a Jibiya ya sake mota, ya ci abinci, ya yi canji, jirgi yana iya wucewa da shi yana leƙen garin ta taga. Ko Jibiya ta zama zango ko ta zama wurin wucewa, wannan ya danganta ga shirin da aka yi kafin jirgin ya fara jigila, shirin kuwa sai da mutanen da aka horar.

KAMMALAWA

A taƙaice, amsar tambayar uban nan ta farko ita ce, abin da ake koyo a wannan fanni aikin madugu ne da na fatoma, an ƙara masa lissafi da doka da harsuna. Amsar ta biyu kuwa, baƙin suna Magama kowace safiya, suna kuma sansanin alhazai kowace shekara, domin aikin hajji shi ne tafiya mafi girma da ake tsarawa a ƙasar Hausa, yana bukatar masu sanin sufuri da masauki da ciyarwa.

Amma kada ɗalibi ya shiga da zaton takardar digiri za ta sama masa kujera a ma'aikata. Guraben gwamnati a wannan fanni kaɗan ne. Mafi yawan aikin yana otal-otal, da kamfanonin hajji da umara, da tashoshin jiragen sama da na ƙasa, da gidajen tarihi, da wuraren shirya taro, da kuma abin da mutum zai kafa da kansa. Albashin farko ba shi da yawa, aikin kuma babu dare babu rana, ranar salla ma ita ce ranar da ya fi yawa. Wanda ba ya iya haƙuri da jama'a gara ya nemi wani fanni. Wanda ya zaɓe shi kuwa, ya dage da lissafi, ya koyi Faransanci, ya san tarihin ƙasarsa ta yadda zai iya ba da shi ba tare da ƙari ba, ya kuma yi aikin koyon sana'arsa da gaske ko da sharar ɗaki aka sa shi.

Ma'aikata su kuma su tuna cewa kowace takardar da suka sa wa hannu a kan rufe hanya, ko kafa shinge, ko gina masauki, tana da sakamako a kan mai tuwo da direba da ɗan canji na Jibiya da na Ɗan Isa. Ya kamata a riƙa jin ta bakin wanda ya san wannan lissafi kafin a yanke shawara.

Allah ya zaunar da ƙasashen biyu lafiya, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.